Hannun da Ya Shige Ƙarfen Taga

Ƙofar kicin ɗin Umma irin mai kulle kanta ce. Iska ta bugo ta, shi ke nan, sai da makulli. Umma kuwa Allah ya yi ta da mantuwa. Sai ka ga makulli yana rataye a ƙusa daga ciki, ita tana tsakar gida da ludayi a hannu, tana yi wa ƙofa faɗa kamar ƙofa tana da kunne.

Ranar da wannan magana ta faro, ɗanta yana gida. Mai Walda ake kiransa a layin. Shi kaɗai Allah ya ba ta, uban ya rasu tun yaron yana rarrafe. Ya dawo cin abincin rana, ya tarar da abinci a kulle. Ya ce bari ya koma shago ya ɗauko kayan aiki ya ɓalle. Umma ta ce ya zauna, babu mai ɓalle mata ƙofa, tana da mai buɗewa. Ta je jikin katanga ta ɗaga murya, ta ce a turo mata Roba.

Bai san Roba ba. Sababbin maƙwabta ne, shi kuma daga shago sai barci. Yarinya ta shigo, doguwa, siririya, idonta kamar wadda aka tasa ba ta gama barci ba. Ta gaishe da Umma, ta gaishe shi ba tare da ta kalle shi ba, ta nufi tagar kicin.

To, ƙarfen wannan taga shi ya yi shi da hannunsa. Gida-gida ya yi shi, ya matse ramukan yadda ko hannun yaro ba zai shiga ba, saboda ɓarayi. Har alfahari yake yi da shi, yana nuna wa kwastomomi hotonsa a waya. Yana zaune ya ga yarinyar nan ta kwantar da babban yatsanta cikin tafin hannu, ta tattara sauran yatsun suka hau kan juna, hannu ya koma kamar wuyan kwalba. Ta zura. Ya shige har ya wuce gwiwar hannu. Sannan gwiwar ta lanƙwasa ta baya, ta inda gwiwar mutum ba ta lanƙwasawa, yatsu suka lalubi bango suka zaro makulli daga ƙusa.

"Allah ya yi miki albarka," in ji Umma. "Ban da ke, da ƙofar nan ta kashe ni da yunwa."

Yarinya ta yi murmushi ta fita, ta tallabe hannun da ɗaya hannun kamar mai ɗauke da ƙwai.

Mai Walda bai ci abincin kirki ba ranar. Ya je jikin tagar ya gwada nasa hannun, ko yatsu ba su gama shiga ba. Ya koma shago yana walda yana tunani, har ya huda ƙofar wani bawan Allah.

Washegari ya sa tef ɗin awo a aljihu, ya yi sallama a gidan su Roba. Mamanta ta fito ta ce tana kwance. Ya koma, tana kwance. Sai da ya sake komawa ya same ta a kan benci a ƙofar gida, ta jingina da bango. Ya ce shi ne ya yi ƙarfen tagar nan, yana so a auna masa hannunta in ba damuwa, don ya san inda ya yi kuskure.

Ta dube shi, ta dubi tef ɗin, dariya ta ƙwace mata.

"Samari suna zuwa da turare, Malam Walda, kai ka zo da tef?"

Ya miƙa mata ta auna da kanta, yana leƙen lambar daga inda yake tsaye. Hannu kamar na kowa. Sai in ta naɗe shi ne lissafi ya rushe. Da ta ga ya buɗe baki, ta ƙara masa da wanda ta saba nuna wa mutane: ta tura babban yatsa har ya taɓa damtsen hannu. Ta jira ya yi salati ko ya yi dariya, don ɗaya daga cikin biyun nan kowa yake yi.

Ya ce, "Yana yi miki zafi?"

Ta saki yatsan ya koma wurinsa. Can ta ce ba a taɓa tambayarta ba, shi ya sa ba ta da amsa a kusa. Amma e, yana yi.

Daga nan ya zama ɗan benci. In ya rufe shago da yamma sai ya zo da tambaya. Tun yaushe? Duk gaɓoɓin ne ko hannu kaɗai? Me ya sa take yawan kwanciya? Ita kuma tana ba shi amsa tana tsokanarsa, wai ko ɗan jarida ne ya ɓata hanya ya faɗa walda.

Ta ce tun tana ƙarama haka jikinta yake. A makaranta yara suka sa mata Roba, malamai suka kama, har gida aka manta sunanta na gaskiya. In baƙi sun zo, Mama takan kira ta ta nuna musu, a yi mamaki, a watse. Gajiyar kuwa daga baya ta zo. Tana ajin ƙarshe a sakandare ta yi zazzaɓi mai zafi. Zazzaɓi ya tafi, ƙarfi bai dawo ba. Ta yi barci ta tashi kamar wadda ta yi ta ɗaukar bulo. In ta daɗe a tsaye duniya ta fara juyawa, zuciya ta kama bugu, kai ya yi kamar an cusa masa auduga. An gwada jini, an sake gwadawa, an ce babu komai. Ta sha maganin maleriya har ta daina jin ɗacinsa. Jarrabawa ta zo ta wuce tana kwance.

"Ka san tsohuwar waya?" ta ce. "A sa ta a caji ta nuna ta cika, ka yi kira ɗaya ta mutu. To ni ke nan. Batir ne ba ya riƙewa."

Shi kuwa mutum ne mai lura. Ya ga layin nan sun mayar da yarinya makullin kowa. Ɗan kunne ya faɗa bututun wanka, a kira Roba. Waya ta shige ƙarƙashin kujerar mota, a kira Roba. Yara su tare ta a hanya, sai ta lanƙwasa musu yatsa. Ya kuma lura da abu guda: duk ranar da aka kira ta, ranar tana nan lafiya, har da dariya. Washegari ne bencin yake zama babu kowa. Wani lokaci kwana da kwanaki. Ya tambaye ta ko ta taɓa lura. Ta ce ta lura, amma wa za ta faɗa wa? Wa zai yarda cewa ɗauko makulli yana kwantar da mutum?

Tambaya ce ta kai shi gidan, tambaya ta riƙa mayar da shi. Wata rana ya duba ya ga tambayoyin sun ƙare, ƙafarsa ba ta daina zuwa ba. Ya faɗa mata hakan, kansa a ƙasa, yana wasa da tef. Ta ce ai ita tun ranar farko ta san ba hannu ya zo aunawa ba. Ya rantse hannu ya zo aunawa. Ta ce to wannan ya fi muni.

Ya sami Umma tana tsince shinkafa a tire, ya zauna, ya ce yana so a nema masa auren Roba.

Umma ba ta ɗago ba. Ta ce yarinya tana da ladabi, ba ta ce ba ta da shi ba. Amma a'a.

Ya tambayi dalili.

"Dalili? Rana tsaka tana kwance, ni da na haifi kamarka ina tsaye. Kuma kada ka ce min ciwo. Na yi jinyar ubanka, na san ciwo. Mai ciwo jikinsa sandarewa yake yi. Yarinyar da za ta naɗe kanta ta shige ramin ƙarfe, ita ce ba za ta iya tsayuwa ta wanke kwano ba? Lafiya ce ta yi mata yawa. Son jiki ne."

"Amma kina kiranta ta buɗe miki ƙofa, Umma."

"Buɗe ƙofa daban, riƙe gida daban."

Sai ta aje tiren. Ta ce a tsaye ta raine shi, wankin mutane da gugar mutane, ƙafafunta suna kumbura, ba ta taɓa cewa wayyo ba. Ba don ta ga ya wuni a gaban wuta ya dawo ya hura wata wutar ya dafa wa mace ta yi haka ba. Ta goge ido da bakin zane, ta ce in yana son ta mutu da baƙin ciki ya ci gaba. Mai Walda ba ya iya ganin hawayen uwarsa. Ya tashi ya fita, bai ce ya fasa ba, bai ce zai yi ba.

Abin da ya yi shi ne, ya lallashi Maman Roba har ta yarda a je babban asibiti, wajen masu duba gaɓoɓi. Ya ari motar abokinsa ya kai su. Ya zauna a bencin waje. Can Mama ta leƙo ta ce ya shigo, shi ne mai tambaya, ita kanta ya ɗaure.

Likitar mace ce, dattijuwa, gilashi a kan hanci. Ta riga ta sa Roba ta miƙe gwiwoyi, ta lanƙwasa yatsu, ta dafa ƙasa da tafin hannu. Ta auna bugun zuciyarta a kwance, ta sake aunawa a tsaye. Ta dubi Mai Walda ta saman gilashi ta tambaya ko shi ne mijin. Mama ta ce Allah dai ya sa. Roba ta rufe fuska da mayafi.

Likita ta ce jijiyoyin da suke riƙe gaɓoɓin yarinyar sun fi na yawancin mutane saki. Mutane da yawa haka aka halicce su, kuma lafiyarsu ƙalau. Amma nata suna ciwo, suna zamewa, sai an kula. Gajiyar kuma ciwo ce ta gaske, tana da sunanta a asibiti, ko da gwajin jini bai nuna ta ba. Alamarta ita ce wadda shi ma ya gani: mutum ya yi abin da ya fi ƙarfinsa yau, gobe ya faɗi, barci kuma ba ya wanke ta. Ta ce sukan ga abubuwan nan biyu tare a jikin matasa, laushin gaɓa da wannan gajiya.

Ya ce me ya haɗa su? Ina ruwan gwiwar hannu da barci?

"Ba mu gama sani ba," in ji likita. "Ana kan bincike. Ranar da na sani zan faɗa maka."

Amsar ta kwanta masa. Shi ma in aka kawo masa ƙarfen da bai sani ba, cewa yake bai sani ba.

Ta ce babu ƙwaya guda da za a haɗiya a warke. Sai dai ta rarraba aikinta, ta huta kafin gajiya ta kama ta, ta yawaita shan ruwa, ta riƙa zuwa sashen gashin ƙashi a koya mata motsa jiki sannu a hankali, don tsoka ta taya gaɓa riƙo. Sannan ta cire gilashin ta dubi Mama.

"Daga yau babu nuna wa baƙi. Babu zura hannu a rami. Duk wanda ya kira ta, ta ce a'a."

A mota Roba ta yi ta kuka. Ya zaci tsoro ne. Ta ce a'a, daɗi ne. Shekaru ana ce mata raguwa har ta fara yarda.

Ya kai wa Umma labari. Ta ce likitoci ai ba sa rasa abin faɗa.

Ba a daɗe ba iska ta sake bugo ƙofa. Umma ta je jikin katanga ta yi kira kamar kullum. Roba ta zo, ta gaishe ta, ta tsaya nesa da tagar. Akwai matan maƙwabta biyu a tsakar gida.

"Umma, ki yi haƙuri. Likita ta hana ni."

Umma ta dube ta daga sama har ƙasa. Ta ce to madalla, ta gode, a gaida likita. Ranar sai da aka kira Mai Walda daga shago ya ɓalle makullin, ya sa sabo irinsa, don Umma ta ce ita irin wannan ta saba da shi. Ya je ya yanko mata makullai har da na ajiya. Ta karɓa, ta zura su duka a zare ɗaya don kada su ɓace, ta rataye su a ƙusar nan ta cikin kicin. Ya yi magana, ta ce ba shi zai koya mata ajiya ba.

Magana ta zaga layi. Roba ta sami saurayi mai shago, kai ya kumbura. Tun ba a kai ta gidan ba ta fara ce wa uwar miji a'a. Yaran da ta daina lanƙwasa wa yatsa suka riƙa yi mata waƙa. Mamanta da kanta ta zaunar da ita, ta ce ta je ta ba Umma haƙuri, in ƙofa ta sake kullewa ta buɗe, sau ɗaya ba zai kashe ta ba, aure ake magana. Roba ta ce in ta saya aure da hannunta yau, da me za ta riƙe shi gobe? Mama ta yi fushi, ita ta shiga ɗaki ta yi kukanta.

Amma ba ta fasa gaida Umma ba. Kullum ta gan ta sai ta gaishe ta, Umma ta amsa da hanci. Ta ci gaba da zuwa gashin ƙashi. Mai Walda ya haɗa mata wata doguwar kujera ta ƙarfe, mai majingina da wurin ɗora ƙafa, yadda za ta yi girki da wanke-wanke a zaune. Ya ce kada ta ɗauka kyauta ce, gwaji yake yi. Da kujerar nan ta fara dafa wa gidansu abinci, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Sau da yawa ta ce masa ya haƙura ya bi maganar uwarsa, ba ta so ta shiga tsakani. Ya ce shi bai saba barin aiki a rabi ba. Haka aka yi ta tafiya, watanni, shi yana tsakanin uwa da benci.

Ran nan da hantsi yana shago, wata maƙwabciya ta faɗo masa ba ko sallama, mayafi a hannu. Ta ce ya ɗauko abin yanka ƙarfe ya zo gida yanzu. A hanya take ba shi labari guntu-guntu. Umma ta ɗora mai a kan gas, ta fito ɗaukar albasa, iska ta bugo ƙofa. Mai ya fara hayaƙi, tukunyar gas tana gefe, babu namiji ko ɗaya a layin. Umma ta yi ta ihu, amma ba ta kira sunan kowa ba. Roba ce ta jiyo ta shigo da kanta. Makullan ba sa kan ƙusa, Umma ta aje su a kan tebur, can ciki. Yarinya ta tura hannu har ya wuce inda ya saba tsayawa, ta ƙara turawa, ta kamo zaren da kan yatsa, ta lanƙwaso ta miƙo wa Umma ta wani ramin. Umma ta buɗe ta kashe wuta. Da ta fito, ta tarar kafaɗar yarinya ta goce, hannu ya ƙi fitowa.

Ya shigo ya same su haka. Tsakar gida cike da warin ƙonannen mai. An ɗauko doguwar kujerar nan daga gidan su Roba an ɗora ta a kai, don ƙafafunta sun ƙi ɗaukarta. Hannu yana cikin taga har kusa da kafaɗa, ya kumbura. Umma tana tsaye a bayanta, ta rungume ta ta ƙirji, don in ta zame hannun ne zai tafi. Fuskar Roba ta yi fari, gumi yana ɗiga. Da ta gan shi ta yi ƙoƙarin murmushi.

"Malam Walda, ka zo da tef?"

Ya duba injin yanka da ya ɗauko, ya aje. Tartsatsi zai ƙone ta, girgiza kuma zai ƙarasa kafaɗar. Sai zarto, da hannu. Ya cusa tsumma tsakanin fatarta da ƙarfe, ya fara. Ƙarfe mai kyau ya sa wa uwarsa, wanda ya fi kowane tauri a shagon. Bai taɓa tsine wa aikinsa ba sai ranar.

Yana yanka yana jin su, don kansa yana dab da nasu.

Umma ce ta fara. Tafin hannunta yana kan ƙirjin yarinyar. Ta ce mene ne wannan yake bugawa haka kamar tsuntsu a keji? Roba ta ce zuciya ce, haka take yi in ta daɗe ba ta kwanta ba. Umma ta ce kullum? Ta ce kusan kullum. Umma ta matsa hannu ta taɓa kafaɗar a hankali, ta ji rami a inda ya kamata a ji ƙashi. Ta janye hannun da sauri.

"Da can da nake kiranki, haka yake yi?"

"Bai taɓa kai haka ba. Amma washegari ba na iya tashi."

"Duk kwanciyar nan da nake gani…"

Roba ta gyaɗa kai. Zarto yana ta kuka.

"To ke wace irin yarinya ce? Me ya hana ki faɗa tun farko?"

"Kina sa min albarka, Umma. Komai na taɓa sai a ce na kasa. Wannan ne kaɗai abin da nake yi a ce Allah ya yi min albarka."

Mai Walda ya ji numfashin uwarsa ya canza. Bai ɗago ba. Ƙarfe ɗaya ya rabu, ya koma kan na gaba.

Can Umma ta ce, "Likita ta hana ki. Kin ce min a'a a gaban mutane. Yau wa ya kira ki?"

"Ranar nan abinci ne zai huce. Yau gida ne zai ƙone."

Da ƙarfe na ƙarshe ya rabu, ya lanƙwasa shi da filaya, hannu ya fito. Roba ta sulale a jikin Umma. Umma ba ta bar kowa ya taɓa ta ba. Ita ta riƙe ta a bayan mota har asibiti, tana ce wa direba ya bi ramuka a hankali, ba buhu ya ɗauko ba.

An mayar da kafaɗa, an ɗaure. Likita ta yi faɗa, ta kuma ce abin da ya fi kafaɗar yana tafe. Haka aka yi. Roba ta kwanta makonni, ko kofi ba ta iya ɗagawa, magana ma sai ta huta a tsakiya. Wannan karon Umma ba daga bayan katanga take kallo ba. Kullum tana gidan su Roba, tana zaune a bakin gado, tana gani da idonta: yarinya ta yi barci ta farka kamar ba ta runtsa ba, ta so tashi jiki ya ƙi.

Ranar komawa asibiti Umma ta ce da ita za a je. Ta zauna gaban likita ta jera tambayoyi. Ana ɗauka? Ba a ɗauka. Za ta warke? Wasu matasa suna samun sauƙi sosai, wasu kaɗan, ba a yi wa kowa alkawari. Za ta iya haihuwa? Masu irin jikinta suna haihuwa, sai dai a kula da ita da kyau. To me ya haɗa laushin da gajiyar? Likita ta dubi Umma, ta dubi Mai Walda, ta ce yanzu ta ga inda ya gado tambaya.

Da suka dawo gida, Umma ta tsaya gaban tagar, tana kallon ramin da zarto ya bari.

"Ka je ka gaya wa kawunka ya shirya, a je a nema maka. Kuma ka yi wata kujerar irin waccan, ka kawo nan kicin."

Ya ce to. Ya ce zai kuma toshe ramin, ya canza makullin ƙofar. Ta ce makulli ya canza, ta gaji da shi. Ramin kuwa ya bar mata shi tukuna, tana so ta riƙa gani.

An yi aure bayan kafaɗa ta warke. Kada wani ya ce muku yarinya ta tashi garau, ba ta tashi ba. Akwai ranakun da take girki a kan kujerarta tana tsokanar mijinta, akwai ranakun da labule yake sauke har yamma. A irin waɗannan ranakun Umma ce a kicin, kuma ba a taɓa jin ta ce son jiki ba. Sauƙi dai yana zuwa kaɗan-kaɗan. Har ta fara karatun jarrabawar da ta wuce ta, a zaune, shafi kaɗan a rana.

Wata safiya wani maƙwabci ya yi sallama, hankali a tashe. Makullin motarsa ya faɗa kwalbati ta tsakanin ƙarafa, ko za a taimaka a turo masa Roba, minti ɗaya kawai. Mai Walda yana ɗaure takalmi, ya buɗe baki zai yi magana. Umma ta riga shi. Ta fito har bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Babu Roba a gidan nan. 'Yata ce a ciki, kuma tana hutawa. Ga mai walda nan, ya zo ya yanka maka ƙarfen, ka biya shi."

Mutumin ya tafi yana gunaguni. Daga cikin ɗaki aka jiyo dariya, ƙasa-ƙasa.

Abin da za a ɗauka a nan ba shi da yawa. Ba kowane ciwo ne yake da kumburi ko jini ba, kuma wanda ka gani yana dariya yau ba ka san abin da dariyar za ta ci masa gobe ba. Layi guda sun yi ta amfani da hannun yarinyar nan suna mamaki, mutum ɗaya ne ya tambaya ko yana mata zafi, shi ya aure ta. Ita kuma ta yi haƙuri da zagi, ba ta rama ba, ba ta kuma sayar da lafiyarta don a so ta ba. Allah bai bar ta ba. Ku matasa, kafin ku kira wani rago, ku tambaye shi. Ku iyaye ma haka.